Dutsen da Na Daka a Turmin Inna

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in rubuta wannan, don ko matata ban gaya wa ba.

Shekarar da mafarauta suka cinna wa dajin bayan gonarmu wuta, can gefen Bukkuyum, tudun ya zama fili fetal. Da damina ta sauka, ruwa ya kwashe ƙasar, ya yanka kwazazzabo. Mutane suka ce wuta da zaizaya su ke tono zinariya. Na sauka ciki, na tsinci wani dutse mai ƙyalli.

Kunya ta hana ni kai shi injin niƙan dutse na masu haƙar zinariya. Na jira Inna, mahaifiyata, ta tafi gidan suna, na daka shi a turminta. Na wanke garin a kwano, ban ga zinariya ba. Turmin kuwa tsumma kawai na sa na goge.

Da ta dawo ta leƙa, ta ce, "Kai, mi anka daka nan?"

Na ce, "Ban sani ba, Inna."

Ta daka geron fura a ciki, ɗiyata ƙarama ta sha.

Daga baya na ji yadda dalmar da ke cikin duwatsun zinariya ta kashe yara a ƙauyen Abare. Ɗiyata tana raye, amma karatu na ba ta wuya, kuma duk ranar da ta manta wani abu sai in tuna da turmin nan.

Don Allah, wanda ya sani ya faɗa mini. Dutsen da ruwa ya tono yana da dalma kamar na cikin ramin masu haƙa? Bayan shekaru, gwajin jini zai iya nunawa?