Yadda Kwamfutata Ta Zaɓi Masu Tumbi

Ƙanena da ke karatu a Amurka ne ya jefa ni a wannan masifa, Allah ya shirye shi. Kullum muka yi waya sai ya cika mini kunne da labarin wata ƙwallo mai siffar gwanda da jami'o'insu ke bugawa, wadda ake runguma a ruga da ita. Wai jami'o'in rukuni-rukuni ne, kowane rukuni ya fi karawa da 'yan cikinsa, don haka in ana son sanin wanda ya fi ƙarfi sai a ɗura wa kwamfuta sakamakon wasanni ta jera su. Ya ce mutane suna ta zagin kwamfutar. Na ce jahilci ne kawai, ai na'ura ba ta da ɗan'uwa, ba ta da suruki.

A lokacin shekarata huɗu a Jidda, ina aikin kwamfuta a wani kamfanin ajiyar kaya. Mu Hausawa muna ƙwallo duk Juma'a bayan la'asar a wuri uku. Akwai 'yan Ammariyya, haifaffun nan, jikokin alhazan da suka zo suka zauna. Akwai 'yan Khumra, leburori da direbobi da masu walda. Sai mu 'yan Safa, likitoci da injiniyoyi, kowa da motarsa da tumbinsa. Kowace unguwa da ƙungiyoyinta, kuma a junansu suke bugawa.

Ana nan aka shirya gasa tsakanin baƙin garin, aka ba Hausawa gurbi ɗaya tak. Taron da muka yi a kan wa zai je ya kusa zama dambe. Shugaban kwamitinmu, wani dattijon Ammariyya mai shagon turare, yana ta ɗaga hannu yana "Khalas ya jama'a, khalas!" wato ya isa haka, amma ba mai jin sa. Nan bakina ya ja mini. Na miƙe na ce a ba ni sakamakon wasanni na shekara biyu, in yi yadda ake yi a Amurka.

"Yalla ya muhandis," in ji dattijon, wato mu je injiniya, "abin da kwamfutar ta faɗa shi ne."

Cikin masu tafa mini har da wani abokina ɗan Khumra, direban motar ɗaga kaya a ma'ajiyarmu. Ban taɓa ganin mai ƙafar hagu irin tasa ba. Kwangilarsa za ta ƙare wata guda bayan gasar, gida zai koma gaba ɗaya. Shekara tara yana buga ƙwallo a kan tsakuwa a bayan gareji, burinsa ya taka filin ciyawa mai alƙalin wasa ko sau ɗaya ne kafin ya tafi. Bai ma yi tunanin za a zaɓi wasu ba su ba.

Da na zauna aikin sai na tarar sau biyu kacal unguwannin suka taɓa haɗuwa. Khumra ta ci Ammariyya uku da nema, Safa kuma ta ci Khumra huɗu da ɗaya. Kwamfuta ta ɗora komai a kan waɗannan biyun, ta fito da Safa a sama, da tazara. Na sake lissafin sau uku, amsar ba ta motsa ba. Gaskiya daɗi ya kama ni, don ni ne golan Safa.

Washegarin sanarwa abokina ya same ni a ofis da hular kwano a hannu.

"Oga, wa ya ci huɗun nan da kuka zura mana?"

"Manaja," na ce.

"Wa ke sa hannu a takardar hutunmu? Wa ke tura iƙamarmu ta zaman ƙasa sabuntawa?"

Shi ne dai. Manajan ma'ajiyar ɗan Nijeriya ne, maƙwabcina a Safa, mutumin kirki, amma in ya yi gudun taku goma sai ya dafa gwiwa. Rabin 'yan wasan Khumra a ƙarƙashinsa suke.

"Haba Oga, wa zai sa wa mai gidansa ƙafa? Golanmu tun kafin ya buga yake faɗawa ɗaya gefen. Ɗayan da muka ci ma kuskure ne. Waje na nufa, ta bi ta tsakanin ƙafafunka. Ka manta har haƙuri na ba ka?"

Ban manta ba. A lokacin na ɗauka tarbiyya ce ta yi masa yawa.

Abin da ya kamata in yi a fili yake: in je shagon turare in ce na yi kuskure. Har ƙofar shagon na je. Dattijon na hango ni ya kira maƙwabtansa yana nuna ni, wai ga mutumin da ya kashe rigima da ilimi. Aka kawo mini shayi. Na sha, na sayi turaren da ba na buƙata, na koma mota. Girman kai ne, ba wani abu ba, kuma har yau ina jin kunyarsa. Shi kuwa abokina cewa na yi da shi tsarin ba shi da wurin da ake shigar da ladabi.

Ranar gasa aka haɗa mu da Sudanawa, dogaye, sirara, ba wanda ya kai talatin. Minti biyu da farawa wani ya kwashe ƙafar manaja. Ya zauna a ƙasa yana waige-waige, yana jiran a zo a ba shi haƙuri, ba wanda ya ko kalle shi. Likitanmu na ƙashi shi ya fara gurɗewa, ya koma gefe yana duba kansa da kansa. Kafin hutun rabin lokaci an zura mini shida. Dattijon yana bakin fili da carbi, duk wadda ta shiga sai ya ce "La hawla," ya dube ni.

Ashe abokina ya zo, da katan ɗin ruwa a kafaɗa. Bai yi mini dariya ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Bayan raga ya tsaya yana karanta mini ƙafafun 'yan wasa: "Dama, Oga! Dama!" Da taimakonsa na tare guda ɗaya, da fuska. Aka tashi sha ɗaya da nema.

Jama'a na watsewa ya matso yana sosa ƙeya.

"Oga, ara mini rigar nan minti ɗaya."

Na cire na ba shi, sharkaf da gumi. Ya saka, ta yi masa yawa a ciki kamar an rataya buhu. Ya tuɓe silifas, ya taka ciyawar a hankali da ƙafa tsirara har tsakiyar fili, ya ɗora ƙafar hagu a kan ƙwallo, sannan ya miƙo mini wayarsa.

"Ɗauke ni hoto, na yarana ne. Na riga na gaya musu zan buga." Ya gyara tsayuwa. "Ka ɗan karkata, kada allon sakamako ya fito."

Sau uku na ɗauka kafin na kauce wa allon.