Babbar Sallah a Bakin Teku

Shekarar da na tafi ƙaro karatun jinya a yammacin ƙasar Ireland, babbar sallah a can ta same ni. Ita ce ta farko da na yi ba a Jega ba. Mun yi idi a wani ɗakin wasanni da aka aro, na gaisa da mutanen da ba na jin yarensu, kowa ya duba agogo ya nufi wurin aiki. Kafin hantsi ya dubi ludayi sai ga ni ni kaɗai a bakin titi, cikin shaddata mai guga, na ɗora rigar ruwa a kai.

Zuciyata ba ta ba ni in koma ɗaki ba. A gaban tasha akwai motocin da ke kai 'yan yawon buɗe ido kallon duwatsun bakin teku. Kullum wuce su nake yi. Ranar sai na shiga ɗaya.

Motar cike take da 'yan hutu, miji da mata, iyaye da 'ya'yansu. Kujerar kusa da ni ce kawai ba kowa. Muka bi wata siririyar hanya tsakanin katangun duwatsu, filaye kore shar hagu da dama, ga tumaki ƙosassu suna kiwo, an shafa musu fenti a gadon baya. Babu mai kallonsu sai ni. Tun rasuwar mahaifinmu ni ke yanka ragon gidanmu, bana kuwa ƙanena ne zai riƙe wuƙar.

Da muka isa, sai na ga ƙasa ta ƙare kwatsam. Baƙin dutse ya miƙe tsaye zuwa can ƙasa, ruwa na dukan gindinsa yana tashi da farin kumfa. Tsuntsaye na shawagi ƙasa da ƙafafuna. Ban taɓa ganin bayan tsuntsu yana tashi ba sai ranar. A gulbinmu na gida, in ka ɗaga murya mai kwalekwale zai ji ka daga ƙetare. Wannan ruwan ba shi da ƙetare. Na daɗe a tsaye, iska na kaɗa shaddata kamar za ta tuɓe ni.

Wasu ma'aurata suka miƙo mini wayarsu na ɗauke su hoto. Wata tsohuwa cikin 'yan motarmu ta taɓa hannun rigata ta tambaye ni ko ɗaurin aure zan je. Na ce sallarmu ce yau. Ta yi mini barka, ta tsiyayo mini shayi a murfin filas ɗinta, ta jira na shanye. Sai 'yarta ta kira ta, suka yi gaba.

Na fake bayan wata katanga na kira gida ta bidiyo. Ƙanena ya ɗauka, gumi ya jiƙa shi. A bayansa an kafa raguna jikin sanduna kewaye da wuta, hayaƙi ya cika ƙofar gida. Kawunmu ya zo daga Aliero da iyalinsa. Waya ta yi ta yawo hannu zuwa hannu, kowa ya ce barka da sallah ya miƙa wa na gaba, har ta kai ga Inna. Na juya mata wayar ta fuskanci ruwan.

Ta matso da fuskarta. "Wanga wane irin gulbi na?"

"Ba gulbi ba na, Inna. Teku na."

"To ja da baya, kak ka matsa bakin nan. Wa ka tare da kai?"

"Akwai mutane da yawa," na ce.

Ta ƙura mini ido. Ta fara wata magana, iska ta tafi da ita. Sai na ji sallamar baƙi a tsakar gida, ta waiga ta amsa, hoton ya tsaya cak, kiran ya yanke. Ban sake kira ba. Na san hidima ta yi musu yawa.

Na yi azahar a nan kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, goshina ya ɗauki sanyi. Yayyafi ya fara, direba ya danna ham, muka koma mota.

A gari na biya shagon wani Musulmi na sayi naman rago kaɗan. Na soya shi da albasa da yajin da na taho da shi daga gida, har ƙamshin ya cika benen da nake zaune. Na zuba rabi a faranti na rufe, na je na ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcina, wani dattijo da muke ɗaga wa juna hannu a matakala. Na jira, na sake ƙwanƙwasawa. Ba ya nan. Na dawo da farantin ɗaki na ajiye bakin taga, na zauna na ci nawa. Rana ba ta ko yi niyyar faɗuwa ba, magariba da saura.