Kayan da Ke Cikin Sito

Ranar da safe an sa mana sukari a koko. Nan muka gane baƙi za su zo.

Watanmu na uku ke nan a gidan tsare yara, can ta Fagge, ni da ƙanena Nafi'u. A kasuwar Kwari aka kwashe mu muna dako, wai muna kama da 'yan daba.

In jami'an gwamnati za su zo dubiya, akan ba mu riguna masu tsabta. Duk mai shatin bulala a jiki kuwa, sito ake kai shi a sa kwaɗo. Masu tsaronmu sukan ce, "A shigar da kaya." Da haka bakinmu ya saba, mu ma kaya muke ce musu. Nafi'u ya sha bulala a daren jiya, don haka ranar shi ma kaya ne.

Da hantsi baƙi suka iso. Suka leƙa tukunya, suka yaba da shara. Ko kallon sito ba su yi ba.

Ana kiran azahar muka ji ƙarar ƙarfe a get. 'Yan daba ne na gaske, sun biyo wani yaro a cikinmu da ya sari ɗan'uwansu. Kwalbar fetur ta faɗo kan rufi, wuta ta kama. Motar baƙi ce ta fara fita. Mai riƙe da mukullin sito ya haura katanga.

Maƙwabta suka ɓalle ƙofar baya suna janye mu. Muka yi ta ihu muna nuna hayaƙi: "Akwai kaya a sito!"

Wani dattijo ya fizgo hannuna. "Bar kaya, yaro! Tsira da ranka!"

Na kira sunan Nafi'u. Rufi ya rufta, ba wanda ya ji.

Taro ya tura ni titi. Na bi ta shataletalen Bata ba takalmi, adduna na ƙara a bayana. A Sabon Gari wata mai sayar da gari, Mama Ngozi, ta cusa ni bayan buhuna. Sai bayan la'asar bakina ya buɗe, na ce mata mutane ne a cikin siton. Ta ɗora hannu a ka.

Ban yafe wa wanda ya koya mana kalmar nan ba.

Washegari aka fasa sito. Su huɗu ne, duk sun rasu. Nafi'u ne na bakin ƙofa. Shekararsa goma sha uku, kuma har ranar ba a kai shi gaban alƙali ba.