Dillaliyar da Ba Ta Yabon Kayanta

Duk wanda ya zauna a Kaura Namoda ta wajen tashar jirgi a shekarun nan ya san Goggo Mero, ko bai san sunanta ba ya san ƙunshinta. Dillaliya ce, tana shiga gida-gida da atamfofi da kwanuka da turare da 'yan kunne, tana kai wa matan da ba sa fita kasuwa. Ƙanwar mahaifina ce, kuma ita ta ɗauke ni ina shekara huɗu bayan rasuwar mahaifiyata. Don haka abin da zan faɗa a kanta ba labari aka ba ni ba, a kaina ya ƙare.

Sauran dillalai idan sun kwance ƙunshi, baki ne ke fara aiki: wannan daga Makka ya zo, wannan matar ciyaman ta ɗaura irinsa ranar suna. Goggo kuwa sai ta ɗaga zane ta ce, "Wagga atamfa tana zuba wankin farko. Na biyu ba ta zuba. In kina iya haƙurin wanki guda, ɗauka." Idan kwano ne, ta kifa shi ta nuna inda fenti ya ɓantare tun kafin mai saye ta gani. Turare kuwa cewa take ƙamshinsa iyakarsa la'asar, wadda ke son maigida ya ji sai ta ƙara shafawa.

Maƙwabciyarmu Saude, ita ma dillaliya ce, abin nan yana ci mata rai. Ta kan leƙo ta katanga ta ce, "Mero, wai ke saida kaya kike ko ƙararsu kika kai?" Saude ta fi ta ciniki da safe, amma da yamma ƙofar Saude ce ke cika da masu maido kaya da masifa. Abin alfaharin Goggo a duniya guda ɗaya ne, kuma tana faɗinsa ko ba a tambaye ta ba: tun da ta fara dillanci ba a taɓa maido mata da ko ɗankwali ba.

A gida ma haka muke fama. Kafin ta ajiye mini tuwo sai ta ce miya ta yi ruwa. Idan za mu gaida dangi a Zurmi, ba ta cewa gobe za mu, sai dai ta ce in mota ta samu, in kuma ta samu ba ta mutu a hanya ba, wataƙila mu kwana can. Ina yaro abin yana ba ni haushi ƙwarai, don ban taɓa samun damar yin ɗokin komai ba.

Sai da na girma ta gaya mini inda ta samo halin. 'Yar Zurmi ce. Da marigayi mijinta Sodangi ya zo neman aurenta, danginsa suka ce ai ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Ita kuwa ta kwana ta tashi tana ganin kanta a tagar jirgi, ana wucewa da ita Zariya har Ikko. Da aka kawo ta Kaura sai ta tarar aikinsa da jirgi shi ne loda masa buhunan gyaɗa. Ta ce shekara guda cur ta yi tana kumbure-kumbure, shi kuwa bawan Allah kullum da 'yar tsarabarsa a aljihu, bai san laifinsa ba. "Mutum na ƙwarai anka ba ni," in ji ta, "amma nib ɓata shekara ina hushi da shi don bai zan wani mutum ba, wanda ma babu shi duniya." Wannan shekarar ce ba ta yafe wa kanta ba har ya rasu.

Ni kuwa Jabir, Allah ya yi ni kishiyar wannan hali. Abin da nake fata, bakina kan faɗe shi tamkar ya riga ya faru. Da aka ba mu jihar Zamfara a 1996, ban jima da gama sakandare ba, na bi ayarin samarin da suka kwashi takardu zuwa Gusau. Wani mutum a wani ofis ya karɓi nawa, ya ce in riƙa leƙowa. Ni a wajena an gama magana ke nan. Na dawo na shaida wa unguwa cewa na kusa fara aiki. Kafin aikin ya fito na kama sa wa mutane kaset a wani gidan kallo. Da Shari'a ta zo aka rufe gidan kallon, na koma bakin kasuwa da ɗan tebur ina gyaran rediyo. Shekara uku da wani abu, takarduna suna Gusau suna hutawa.

A wannan tsakanin na ga Naja'atu a Shinkafi, wajen ɗaurin auren wani abokina. Rigar da ke jikina ta ango ce ya ara mini. Da na fara zuwa zance a zauren gidansu ta tambaye ni sana'ata, na buɗe baki zan ce takarduna suna Gusau, sai na ji na ce aikina yana Gusau. Kalma ɗaya ce ta sauya, amma ta ja 'yan uwanta. Kafin wata biyu na yi ofis, na yi tebur, har na yi masinja mai kawo mini shayi. Da magana ta yi nisa manya suka shiga, na ƙara da cewa lefenta akwati uku za a kawo. Ina sonta so na gaskiya, kuma tsoron kada ta raina mai gyaran rediyo shi ke tura ni.

Abin da na iya haɗawa da gumina bai wuce akwati ɗaya ba, shi ma sai an sa hannu an tattaro kayan tsakiya yake kama da cikakke. Sai na yi dabara. Na sami Goggo tana ninke kaya na ce, tunda ɗakinta cike yake da atamfofi, ta cika mini akwati biyu a kai Shinkafi a nuna, bayan biki a dawo mata da abinta a hankali. Ai ana yi, ba ni na fara ba.

Ta dube ni ta ce, "In kai ma ɗiyar mutane kaya da rana, in koma in ƙwace bayan ta shigo gida? Da wane ido za ta dube ka, da wane za ta dube ni?"

Na yi fushi na fita. Saude, wadda kunnenta ke manne da katangarmu, ta kira ni ta ce kada in damu, ita za ta ba da aron. Ta cika akwati biyu da leshi da atamfa masu tsada. Ranar kai lefe aka ɗora uku a motar mata, Goggo ta fito da mayafinta ta dube su, ba ta ce uffan ba, ta shiga gaba ta zauna. Na ɗauka ta sauko. Da na san Goggo kamar yadda nake cewa na santa, da wannan shirun ya hana ni zama.

Na yini a teburina ina kwance rediyo ɗaya ina ɗaurawa. Bayan la'asar, ina isowa gida, mota ta dawo. Akwati biyu na gani a sama, Saude kuma ta diro tun mota ba ta gama tsayawa ba.

"Jabiru, goggonka ta kashe ka! Ta kashe ni!"

A tsakar gida ta zazzage mini labarin, tana yi tana tafa hannu. Wai an shimfiɗa tabarmi, matan gidan da na maƙwabta sun cika, Inna Rekiya mahaifiyar Naja'atu tana zaune a gefe. Aka jera akwatuna. Kafin kowa ya taɓa, Goggo ta dafa ɗaya ta ce, "Wanga shi an na yaro. Biyun ga na Saude ne, aro ne. Ku buɗe ku kalla ku ji daɗi, kayan suna da kyau, amma da su za mu koma." Sannan ta buɗe nawa ta shiga aikinta. Wannan zane yana zuba. Wannan takalmi in an shiga ruwa da shi an rabu. Wannan jaka zip ɗinta sai an lallaɓa.

"Ba ta tsaya nan ba!" in ji Saude. "Da tag gama da kaya sai tad dawo kanka!"

Wai ta ce yaron ba ya da ofis a Gusau, takardunsa ne ke can, kuma ita ba ta sa ran za su dawo ba balle su kira shi. Rediyo yake gyarawa, rabin waɗanda ya gyara suna magana. Ɗakin da za a sa amarya yana yoyo ta kusurwar gabas. Yana da saurin baki, yana da wuyar tashi da asuba, kuma idan ya yi fushi ba ya cin abinci, amma ba ya wuce kwana uku. Saude ta ce daga nan ita kunya ta fitar da ita, ta ja akwatunanta ta koma mota, ba ta san yadda aka ƙare ba.

Goggo tana gefe tana alwala kamar ba da ita ake ba. Na ce, "Goggo, me na yi miki?" Ta ce, "Sun karɓi akwatin. Ban ce maka sun ba ka ba, ban ce sun hana ba. Ga tuwo can, hatsin ya ɗan kwana biyu a hannun mai niƙa, garin bai yi laushi ba."

Ban ci ba. Na rantse a raina na gama cin abincin gidan nan. Ina kwance ina ganin Naja'atu tana dariyata da ƙawayenta, ina ganin an ba wani mai shanu ita. A rana ta uku yunwa ta kai ni gindin murhu da kaina, na tuna an riga an faɗa wa mutanen Shinkafi iyakata kwana uku, haushi ya ƙara kama ni, amma na ci. A rana ta biyar kawuna ya zo da saƙo: an sa rana.

Aka yi biki ba kiɗa, irin na lokacin, walima da wa'azi da shinkafa. Aka kawo Naja'atu ɗakin nan mai yoyo. Abu na farko da ta yi bayan mutane sun watse shi ne ta ɗaga kai ta nemi kusurwar gabas, ta janye gadonta daga wajen. Ni dai kunya ta hana ni tayar da maganar Gusau. Sai da muka yi kusan mako, wata safiya tana shara, na daure na ce ta yafe mini.

Ta jingina tsintsiya ta ce, "Tun zuwanka na biyu na sani. Wane ma'aikacin ohis ne yatsunshi duk ƙunar dalma? Kuma yayana ya gane ka bakin kasuwar Kaura, har ya ba ka rediyo kag gyara."

"Ya yi magana?"

"Rediyon? A'a."

Ta ce ita ba gyaran rediyo ya dame ta ba, ƙaryar ce. Inna Rekiya ta riga ta yanke: in dangina suka zo suka ɗora a kan ƙaryar nan, to gidan maƙaryata ne gaba ɗaya, ko akwati goma suka kawo da su za su koma. Ita Naja'atu tana ɗaki a bayan labule ranar, tana roƙon Allah ya sa wani ya faɗi gaskiya. Da ta ji Goggo ta fara da akwatunan aro, sai ta zauna a ƙasa ta yi ta kuka don daɗi.

"To ba a gaya maka ƙarshen ba?" ta ce. Na ce Saude ta fita kafin nan.

Ashe da Goggo ta gama jera aibina, sai Inna Rekiya ta ce, "To Mero, kin hwaɗi wanga kin hwaɗi wancan. Mi za mu gani mu ba shi ɗiya?" Goggo ta ce, "Ni ban iya yabon kaya ba. Amma yaron ga an kawo mani shi shina shekara huɗu, ba ni nih haihe shi ba, da uwayenshi maza da ransu. Shekara ashirin ke nan, ko rana guda ban taɓa jin son in maida shi ba."

Shekara ashirin ina cin tuwon matar nan ina jin aibin miya, ban taɓa jin ta ce ko madalla da ni ba, ashe sai da ta je garin wasu ta faɗa, inda ba na nan. Na fita tsakar gida. Tana zaune a ƙofar ɗakinta tana dama fura, ƙunshinta a gefe. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni, ta dubi ƙofar ɗakin amarya, na san ta gane.

Ta miƙo mini kwanon ta ce, "Nonon yau ya yi tsami. In ba ka iyawa, maido."

Na kafa kai na shanye tas, sannan na miƙa mata kwanon.