Tausayin Mai Agogo ga Birkin Hannu

Akwai wata cuta da ke kama masu sana'a bayan sun ƙware, kuma abin takaicin shi ne ba ta cika kama ragwaye ba. Mutum zai shekara talatin yana abu ɗaya har hannunsa ya faɗa, jama'a su yaba masa bisa gaskiya, sai ya wayi gari ya yanke hukunci cewa sauran ilmin duniya rassa ne na sana'arsa. Daga nan tela zai soma gyara wa likita ɗinki, mai aski ya soma koya wa manomi sassabe. Jahili yana tsoron abin da bai sani ba, kuma sau da yawa tsoron nan ke cetonsa. Gwani ba shi da wannan kariya, domin yana da hujja, hujjar kuwa daidai take a inda ya samo ta. Laifinsa kawai ya ɗauke ta ya kai ta inda ba a gayyace ta ba.

Mutumin da za a ba da labarinsa mai gyaran agogo ne, kowa Mai Agogo yake ce masa, ban da yayarsa. Shagonsa ɗan ɗaki ne a matse tsakanin mai ɗaukar hoto da mai sayar da takalma. A ciki akwai tebur da aka shimfiɗa wa koren ƙyalle, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da ƙananan kwalabe cike da sukurorin da sai da hantsaki ake ɗaukarsu. Gilashin da yake maƙalawa a idon dama ya bar masa zobe a fata. A yi masa adalci: bai taɓa cire sabon ƙarfe daga agogon wani ya sa tsoho ba, kuma in ya ce a dawo Laraba, to Laraba an gama. Ƙa'idoji biyu ya fito da su daga shekarunsa a kan teburin nan. Ta farko, ba a murɗa sifirin, wato nannaɗaɗɗen ƙarfen da ke motsa agogo, har ƙarshe, don tsinkewa yake yi. Ta biyu, ba a barin nauyi a kan haƙorin ƙarfe alhali yana tsaye, don cinyewa yake yi. A kan agogo, babu mai hankalin da zai yi masa musu.

Shi ne auta a gidansu. Mahaifiyarsu ta rasu yana ɗan shekara shida, babbar yayarsa ce ta goya shi, ta yi masa wanka, ta kuma dake shi gwargwadon bukata. Saboda haka ko da furfura ta cinye masa gemu, Auta take kiransa, a gaban masu kawo gyara ma. Yaya ta yi aikin koyarwa har ta zama shugabar makaranta, ta ajiye aiki da ciwon gwiwa da kuma muryar da ba ta san an ajiye aiki ba. Likita ya ce lallai ta riƙa zuwa asibiti kowace Talata a gasa mata ƙafa. Da ta gaji da jiran motar haya, sai ta sayi 'yar mota ta hannu, mai giya da kuloci, ta kira ƙaninta ta miƙa masa mabuɗi.

"Auta, motar tawa ce, mabuɗin naka ne," in ji ta. "Ka je inda kake so da ita. Talata kawai nake bukata, kuma ka dawo da ni yadda ka ɗauke ni."

Duk wanda ya san Mai Agogo ya san abin da mabuɗin nan ya zame masa. Mutum ne da ya kai shekara hamsin da takwas ba a taɓa neman shawararsa a sha'anin dangi ba. Yanzu kuwa in za a je dubiya shi ake jira, in an yi baƙo shi ke tarowa. Ya sayo wa mabuɗin sarƙa, yana kaɗa shi a yatsa in yana magana. Ya koyi tuƙi da kyau, ba ya gudu, ba ya tsere da kowa. Sai dai garin gari ne mai tudu da gangare, kuma mota ba tafiya kaɗai take yi ba, dole wani lokaci a ajiye ta.

Masu aikin tuƙi sun daɗe da daidaitawa a kan cewa motar da aka ajiye a kan tudu tana bukatar tsaro uku: a ja birkin hannu sosai, a bar ta cikin giya, a kuma karya sitiyari yadda in ta motsa taya za ta tokari dakalin bakin titi. Hikimar a fili take. Kowane ɗaya daga cikin ukun yana iya cin amana, amma da wuya su haɗa baki rana ɗaya. Mai Agogo ya saurari wannan bayani, ya auna shi da ma'aunin teburinsa, ya ga duka ukun zalunci ne. Birkin hannu waya ce da sifirin, saboda haka ƙas uku kawai yake ja, wato in ya ji ƙarar birkin sau uku, ya tsaya. Giya haƙora ce, saboda haka a firi yake barinta ta huta. Taya kuwa in ta goga siminti za ta ƙuje, saboda haka miƙe yake barinta sambal. A madadin duk wannan ya sassaƙa weji da hannunsa, guntun katako mai tudu a gefe ɗaya, ya goge shi, ya shafa masa mai har yana ƙyalli, ya naɗe shi cikin tsumma ya ajiye a but, ma'ajiyar kaya ta bayan mota. In ya tsaya, sai ya fita, ya zagaya baya, ya buɗe but, ya warware tsumma, ya durƙusa ya cusa wejin a bayan taya. Mutanen titi sukan dakata su yi kallo, shi kuma ya ɗauka sha'awa ce.

Na farko da ya yi masa magana bakanike ne, ranar da ya kai motar juyen mai. Garejin ma a kan ɗan tudu yake, bakaniken ya tsaya da tsumma a hannu ya ga dukan hidimar daga farko har ƙarshe.

"Malam, wannan katakon gado ne ko saye?"

"Aikin hannuna ne, Injiniya," in ji Mai Agogo. Yakan kira shi Injiniya ne da wata irin murya da ke nuna bai yarda da takardun ba.

"Ya yi kyau, wallahi ko a falo sai a ajiye shi. Amma ka ja birkin nan ya kai. In hancinta na kallon sama, ka sa mata giya ta ɗaya, ka juya taya wajen titi, in ta ja baya ta zauna a dakali. In tana kallon ƙasa, ka sa ribas, ka juya taya wajen dakalin. Shi ke nan, ko kuɗi ban caje ka ba."

"Ka taɓa buɗe cikin agogo?"

"A'a."

"To ni na buɗe fiye da dubu goma. Haƙorin da aka bar wa nauyi, na san yadda yake ƙarewa."

"Malam, agogon nan naka, in ya lalace yana gangarawa ya taka mutane?"

Mai Agogo ya yi murmushin da malami ke yi wa ɗalibin da ba zai ci jarrabawa ba. Bakaniken ya ƙara da cewa wayar birki tana saki da tsufa, ƙas ukun bana ba za su yi ƙarfin na bara ba, ya kawo a ɗaure masa. Mai Agogo ya fahimci wannan a matsayin shaida daga bakin abokin gaba: in waya tana saki, ashe ja ne ke sakar da ita, ashe ma uku sun yi yawa.

Ta biyu 'yarsa ce, malamar lissafi a makarantar sakandare, wadda ta yi lasisi tun kafin shi. Ita ba ta yi gardamar haƙora ba, tambaya ɗaya ta yi.

"Baba, daga lokacin da ka sauka zuwa lokacin da ka sa katakon, me ke riƙe da motar?"

"Daƙiƙa arba'in ne. Na auna."

"Na yarda ka auna. Me ke riƙe da ita a cikin arba'in ɗin? Kuma kai a ina kake tsaye?"

Tambaya ce da ta isa ta rushe ginin duka, domin amsarta ita ce ƙas uku ke riƙe da motar, shi kuma yana tsaye daidai inda za ta bi. Amma uba yana da wata mafaka da bakanike bai ba shi ba. Ya ce mata tun ba a haife ta ba yake sana'ar ƙarfe, ta je ta ji da alli.

Shekara biyu da wata huɗu motar tana rufa masa asiri. Wannan shi ne mafi munin abin da kuskure ke yi wa mai shi: ya daɗe bai fasa ba. Kowace Talata da aka dawo lafiya, Mai Agogo yakan lissafa ta cikin hujjojinsa.

Ranar da abin ya faru Talata ce da hantsi. Sun fito daga asibiti, Yaya na zaune a gaba ta miƙe ƙafar da aka gasa, da takardar magani a hannu. Kemis ɗin da suke saye yana tsakiyar wani titi mai tsananin hawa, wanda ƙasansa ya haɗu da babbar hanya inda manyan motoci ke wucewa. Mai Agogo ya tsaya hancin mota na kallon sama, ya ja ƙas uku, ya mayar da giya firi, ya daidaita sitiyari, ya fita. Ya buɗe but, ya ɗauko wejin, yana cikin warware tsumma sai ya ji wani abu ya taɓa masa gwiwa a hankali, kamar mai neman hanya cikin ladabi. Motar ce.

Ya tura ta da hannu ɗaya, ta nuna masa ba agogo ba ce. Ya yi tsalle gefe, hularsa ta faɗi, motar ta wuce shi da baya, but a buɗe, Yaya a ciki tana kallonsa ta gilashin gaba yana ƙara nisa. Ya bi ta da gudu yana ɗaga katako sama. Ya jefa shi ƙarƙashin taya, kuma da yake ya sha mai da guga, sai ya sulale a kan kwalta ya shige kwata. Mai kemis ya fito yana salati, wata mata ta fizge ɗanta daga bakin titi.

Yaya ba ta taɓa tuƙi ba, amma ta yi shekara biyu tana ganin ana jan wani ƙarfe a gefenta kamar ana tsoron ya farka. Ta kama shi da hannu biyu, ta ja da dukan ƙarfin da ta tara a shekara talatin na riƙon makaranta. Ƙarfen ya yi wata doguwar ƙara da bai taɓa samun izinin yi ba. Tayoyin baya suka yi kuka, motar ta karkace, ta hau dakali da taya ɗaya, ta tsaya. Tsakaninta da babbar hanya bai fi taku goma sha biyar ba, kuma a daidai lokacin wata tifa cike da yashi ta wuce.

Mai Agogo ya iso yana haki, ya buɗe ƙofa. Jama'a sun taru. A nan ne Allah ya ba shi dama ta ƙarshe, domin da ya ce sannu, da ya tambayi ƙafa, da wataƙila an yafe. Sai idonsa ya sauka a kan birkin hannu da ke tsaye ƙiƙam yana kallon rufin mota.

"Yaya! Har ƙarshe kika ja shi?"

Yaya ta dube shi. Ta gyara mayafinta, ta ɗauko takardar maganin da ta faɗi a ƙafarta, ta miƙa tafin hannu.

"Auta, kawo."

"Yaya, ki bari in yi miki bayani. Katakon ne ya..."

"Na goya ka ban yar da kai ko sau ɗaya ba, kuma a lokacin ba ni da birki. Kawo, da sarƙar duka."

Ya zare mabuɗin ya ba ta. Ta sa mai kemis ya kira mata 'yar ƙanin nata a waya. Malamar ta zo daga makaranta da alli a hannun riga, ta duba gwaggonta tukuna, sa'an nan ta shiga ta zauna a kujerar direba. Ta buɗe wa mahaifinta ƙofar baya, abin da ya fi kowace magana ciwo.

Bai sake riƙe mabuɗin ba. Ya aika dattawan dangi biyu su roƙa masa, Yaya ta ba su shayi, ta ba su labarin tifar yashi, suka dawo suna ba shi haƙuri. Aka koma zuwa dubiya ba a jiransa, in an yi baƙo sai dai ya ji a bakin yara. Ya ci gaba da gyaran agogo wasu shekaru tara, da gaskiya da tsabta kamar da, har idonsa ya gaza ya rufe shago. A cikin shekarun nan ya rubuta wa kamfanin da ya ƙera motar wasiƙa mai shafi goma sha ɗaya, da zane-zane masu kyau ƙwarai, yana nuna musu inda suka yi kuskure a tsarin birkinsu da yadda za su gyara. Kowane wata yakan leƙa gidan waya. Ya rasu yana da shekara saba'in da ɗaya amsa ba ta zo ba, kuma har kwanakinsa na ƙarshe yana gaya wa masu zuwa dubiya cewa kamfanin ya yi shiru ne don ya rasa abin cewa.