Turmin da Ya Rufa wa Garmaho Asiri

Shekara biyu na yi ina yi wa wani mawaƙin Amurka daka, ban taɓa jin muryarsa sosai ba. Laifin maigidana ne, Allah ya ji ƙansa, kuma har gobe ba zan fasa faɗa ba.

Direban babbar mota ne. Kafin aurenmu ya yi aiki can gabas wajen Turawan haƙar mai, sannan ya dawo Makka yana ɗauko alhazai daga Jidda. Duk tsarabar da ya zo da ita garmaho ce baƙa, da faifai huɗu da wani Bature ya bar masa, dukkansu na mutum ɗaya. Ya ce a ƙasarsu manoma da makiyaya da direbobi kowa waƙoƙin mutumin nan yake rerawa, kuma da ƙuruciyarsa ya mutu.

A zamanin nan garmaho abin ɓoyo ce a garin. In 'yan hisba masu sanda suka ji ƙararta, a ƙofar gidanka za su farfasa ta a gaban jama'a, kuma wa zai sake ba ka baƙin Allah ka ɗauka? Gidanmu kuwa a gangaren Nakkasa yake, rabi dutse rabi gwangwani. In ka yi atishawa, na gidan ƙasa ne zai yi maka addu'a. Bango ɗaya ya raba mu da wata dattijuwa Basakkwata da ta zo ta Sudan a ƙafa. Carbi ba ya barin hannunta, ban kuma taɓa ganin haƙoranta ba. Tsoronta nake ji ƙwarai.

Sai maigida ya ƙirƙiro dabara. Bayan azahar, in rana ta kori kowa daga hanya, yakan cusa tsohon rawani a bakin garmahon, ya ja ƙofa, ya leƙo.

"Yalla, ɗan taɓa mana turmin nan."

"Ni ce makaɗiyarka?"

"Haba, faifai biyu kawai, halas."

Bai taɓa tsayawa a biyu ba. Ni ina tsakar gida ina zuba gumi ina dakan gero don ƙarar taɓarya ta danne kiɗan, shi yana ciki ya jingina da matashi. Abin da ke iso ni ta ƙarƙashin ƙofa bugun kiɗan ne kaɗai, taɓaryata kuma ta bi shi ba da shawarata ba. Da kafaɗa na haddace waƙoƙin nan. Akwai mai sauri, wadda kan sa geron ya yi ta tsalle yana zuba. Akwai wata mai nawa, wadda in ya sa ta nakan san zai fito da jajayen idanu.

"Wai me yake cewa ne?" na tambaye shi ran nan.

"Wallahi ban sani ba. Amma an yi masa wani abu."

Haushi ya kama ni. Ni da ke gabansa ba a tambayi hannuna da ya yi kanta ba, ana tausayin wani ƙato a bayan teku. Gaskiyar magana kishi nake yi, kuma ina mutuwar son in ji abin da ke sa namiji kamar wannan hawaye. Girman kai ya hana ni roƙo. Ko na roƙa ma, wa zai riƙe taɓaryar?

Wata rana gero ya ƙare mana, shi kuma washegari zai tafi Jidda ya yi makonni. Ya marairaice, na ce to, na hau dakan turmi babu komai a ciki. Wautar da na yi ke nan, don duk macen da ta taɓa riƙe taɓarya ta san ƙarar turmin da ba kowa a cikinsa. Ban yi nisa ba sai ga sallamar dattijuwar nan, ta shigo da ƙwarya a rufe. Na tsaya cak, waƙar kuwa ta fito fili, ga ta nan tana yawo a tsakar gida.

Ta leƙa turmin, ta dube ni.

"Mi kike daka, ɗiyata? Iska?"

Na rungume taɓaryar, ta ci gaba.

"Shekara biyu ina jin dakanki. Ki yi kaɗan ki tsaya, ki yi kaɗan ki tsaya, kullum daidai wuri guda. Yaushe aka fara daka haka?"

Ashe tsayawar da nake yi in yana juya faifai ita ta tona mu tun farko. Na ce shi ke nan, yau garmaho ta zama tarihi. Sai ta buɗe ƙwaryar, ta juye geronta a turmina, ta rataya carbin a wuya, ta karɓe taɓaryar.

"Shiga ki jiya. Ni na sha nawa ta bango."

Na shiga. Maigida ya zabura, na nuna masa waje da haɓa, ya saurara, ya koma ya zauna. Ya sa mini mai nawar nan. Muryar siririya ce, ta hanci, tana tafiya sai ta karye ta haye sama kamar makiyayi na kiran saniyar da ta ɓata, goge na bin ta a baya. Ban fahimci ko kalma ɗaya ba. Na tuna mahaifiyata, na yi kuka har da majina, maigida na ta yi mini dariya da nasa jajayen idanun. A waje kuwa taɓaryar tsohuwar ba ta kuskure bugu ko ɗaya ba.

Gidan ya tafi da aka rushe gefen dutsen namu, garmahon ma ban san inda ta ƙare ba. Bara jikana ya nemo mini waƙoƙin a wayarsa, tas da su, babu ko ƙarar allura. Na saurara na ce masa ba su cika ba, an cire wani abu.

"Abadan, ya sitti, haka suke," in ji shi, don da Larabci yake ce mini kaka.

Ban yi masa gardama ba. Na ce ya mayar da mai nawar daga farko, na dunƙule hannu ina buga gwiwata. Da ta ƙare na tsaya, kamar kullum, ina jiran a juya faifai.