Zanen da Kaka Ta Kaɗa wa Kanta

A wajenmu babu gidan tarihi irin na manyan birane, mai gilashi da mai gadi a bakin ƙofa. Abin da muke da shi ɗakuna ne na wasu mutane masu taurin kai, kowa ya kama abu iri ɗaya ya yi ta tarawa har iyalinsa su gaji da magana su ƙyale shi. Bazarar da na ajiye aikin koyarwa na bi irin waɗannan ɗakuna guda uku, a Danwarai da Aliero da Jega. Na ce wa matata sha'awar tsufa ce ta kama ni. Ƙarya na yi mata. Wani farin zane nake nema, wanda na ɗauke daga adakar kakata fiye da shekara talatin da suka wuce, ban kuma mayar ba.

Ni ɗan fari ne, saboda haka a ɗakin Kaka na tashi a Maiyama, ita ce ta haifi Innata. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta yi mini faɗa, ba ta tambayata komai kai tsaye, kunyar ɗan fari ta hana. In tana so in ci abinci sai ta dubi bango ta ce, "A ce ma wancan tuwo na hucewa." Kaka kuwa bakinta ba ya hutawa a kaina. Mijinta take kirana, ragon miji wanda bai taɓa kawo cefane ba. Kullum da hantsi tana bakin ƙofa da taskirar audugarta, goro a kunci, ta shafa alli a yatsu ta murza mazari cikin 'yar tasa. A cikin ƙarar mazarin nan na koyi karatu.

Zaren da take kaɗawa iri biyu ne. Mai kaurin ta sayar ranar kasuwa. Mai laushin kuwa sai ta adana, in ya taru ta aika wa masaƙi ya saƙa mata tsiri ɗaya ko biyu masu faɗin tafin hannu, ta ɗinke su da kanta ta mayar adaka. Ban taɓa tambayarta na mene ne ba. Yaron da ya tafi makarantar kwana ya dawo da turanci a baki ba ya tambayar tsohuwa komai, gani yake ya riga ya sani.

Shekarata ta biyu da fara koyarwa a Jega aka ce kowane malami ya kawo kayan gargajiya don baje kolin al'adu. Ni kuwa lokacin ina ji da kaina, so nake in fi kowa. Na je gida ran Juma'a, na tarar Kaka ta tafi suna a maƙwabta. Na buɗe adakarta, can ƙasa na ga zanen a naɗe cikin tsumma, yana ƙamshin kanumfari. Na sa a jaka da niyyar in maido bayan sati. A wurin bajen wani jami'in ilimi, mutumin kudancin jiha mai son kayan saƙa, ya riƙe zanen ya ƙi saki, yana ta yabo a gaban shugaban makarantarmu. Kaina ya kumbura, na ce na ba shi kyauta. A raina na ce ai Kaka ba ɗaurawa take yi ba, atamfa ta fi mata amfani. Na kuwa sayo mata atamfar. Ta karɓa, ta dube ni ta daɗe, ta ce, "Yau miji ya yi abin kai." Ban taɓa ganinta a jikinta ba.

Da damina ta faɗi Kaka ta rasu. Da na iso na tarar mata sun cika tsakar gida suna jiran a yi wanka, Inna kuma tana durƙushe gaban adaka tana fitar da kaya ɗaya bayan ɗaya. Ta kwashe ta mayar, ta sake kwashewa, har sau uku. Sannan ta zauna daɓas ta ce, ba da kowa take ba, "Shekara bakwai tana kaɗin likkahwaninta."

A nan na sani. Tsofaffin matan zamaninsu da hannunsu suke kaɗa abin da za a naɗe su a ciki, don su tafi da abin da suka tabbata guminsu ne. Kowa a gidan ya san haka ban da ni mai ilimi. Gawa ba ta jira, kawuna ya aika aka yanko alawayyo a kasuwa. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makara, ban ce uffan ba, ranar ko bayanta.

Jami'in nan aka yi masa canjin wurin aiki, ni kuma kunya da tsoro suka hana ni bin sawunsa. Sai abin ya zauna mini a ƙirji. In na bi layin 'yan yadi a kasuwar Jega na ji ana yage farin yadi, sai in juya in canza hanya. Wani lokaci da tsakar rana ina aji, yara sun yi shiru suna rubutu, sai in ji ƙarar mazari a bayana sarai, in waiwaya, fanka ce take juyi. Ban ce fatalwa ce ba, ni musulmi ne, na san wanda ya tafi ya tafi. Amma na ji, ba sau ɗaya ba kuma. Da Inna ta fara tsufa, idonta ya fara dishewa, sai na ga in ban nemo zanen nan yanzu ba za ta tafi ba ta san wanda ya yi wa uwarta wannan ba.

Ɗakin farko a Danwarai yake, zauren wani manomi ne da ya tara tsofaffin fartanya da garma da lauje, da ƙwaryar da ake ban ruwan albasa da ita kafin zuwan injin. Ya jera su a bango, kowace ya san gonar wa ta yi wa aiki. Ya riƙe ni har azahar yana zagin matasan yanzu da ba su iya wasa lauje ba. Na tambaye shi kayan saƙa, ya ce shi ƙarfe ya sani, in tafi Aliero.

Na Aliero ya fi tsaya mini a rai. Gidan masu ɗorin karaya ne, a bayansa akwai ɗaki guda da ba komai a ciki sai sanduna. Duk wanda aka kawo a kwance ya warke ya tashi da ƙafarsa, sai ya bar sandar da ya dogara. Ga su nan jingine, dogaye da gajeru, wasu an naɗa musu tsumma a wurin hammata, tsumman ya yi baƙi da gumi. Akwai 'yar ƙarama wadda ba ta kai gwiwata ba. Na tsaya a tsakiyar ɗakin sai na ji kamar masu su sun fita ne yanzu, za su dawo. Dattijon da ya buɗe mini ya lura na daɗe a tsaye, ya ce, "Malam, mi kaka biɗa? Ba sanda ta kawo ka ba." Na ce tsohuwar saƙa nake nema. Ya ce, "To kai da ka hito Jega? Akwai wata mata can Sabon Garin Jega, mijinta ya bar mata ɗaki cike da su."

Na yi dariyar takaici a kan mashin ɗin ɗan acaɓa har muka shiga Jega. Ashe jami'in nan da ya yi ritaya Jega ya dawo ya zauna, a nan ya rasu. Shekara da shekaru ina bin bakin layin nan zuwa makaranta.

Matar tsohuwar malamar asibiti ce, Kirista, Hausarta tas. Ta buɗe mini ɗakin ta ce in yi haƙuri da ƙura, 'yan makaranta ne kawai ke zuwa jefi-jefi. Akwai mazarai cikin kwando, da kayan masaƙa, da saƙi da gwado a rataye, kowanne da 'yar takarda da marigayin ya rubuta da hannunsa. Ban nema ba ma. Zanen Kaka yana bangon da ke fuskantar ƙofa, an baza shi a kan gora. Farinsa ya koma ruwan madara. A tsiri na uku daga gefe akwai wani ɗan jan zare da ya bi tsawonsa, inda Kaka ta kaɗa da yatsun da suka taɓa goro. A ƙasa an rubuta: Zanen amarya, saƙar hannu, Maiyama.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ta ce, "Malam, lafiya? In kawo ruwa?"

Na ce, "Mama, wannan ba zanen amarya ba ne. Likkafanin kakata ne. Ni na sato shi na ba maigidanki."

Karo na farko ke nan da maganar ta fita daga bakina, ga baƙuwa kuma. Ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo Allah. Yara har hoto suke ɗauka a gabansa." Ba ta tambaye ni hujja ba. Ta jawo kujera ta hau da kanta duk da tsufanta, ta hana ni taimaka mata, ta sauke shi ta kakkaɓe, ta naɗe a hankali. Ta ce da maigidan ya sani da bai kwana da shi ba. Ta cire 'yar takardar ta cusa a aljihu. Da zan fita na waiga, wurin da ya rufe a bangon ya fi sauran haske.

Washegari da safe na tafi Maiyama. Na tarar da Inna a bakin ƙofar ɗakin da yake na Kaka a da, tana tsince wake da lalube. Na gaishe ta, ta amsa tana duban gefe kamar yadda ta saba, ni da furfura a gemu. Na ajiye ƙunshin a kan cinyarta.

Ta warware, ta bi ɗinkin da yatsa, ta kai hanci ta shinshina. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce, tana fuskantar bango, "Ya daɗe bai maido ba."

Na ce, "Inna, kin sani?"

"Tun ranar da anka ɗauka tsohuwa ta gani. Tac ce min, mijina na, kar ki tanka mai, yaro na, shina maidowa kahin in bukata." Ta shafa jan zaren nan, ban san yadda ta gane wurin ba da idon nan nata. "Shi as sa niy yi ta kwashe adaka rannan. Cewa nike ko an maido ban gani ba."

Na yi kuka a gabanta kamar ba ni na yi jikoki ba. Duk shekarun nan ina ɓoye abin da ta sani, ita kuma kunya ta hana ta tambaya, muna gaisawa kowace Juma'a. Na ce ta yafe mini, ta roƙa mini gafarar Kaka. Ta ce Kaka ba ta riƙe kowa ba, ita ma haka.

Ta naɗe zanen yadda uwarta take naɗewa, ta miƙo mini. A karo na farko da zan iya tunawa ta juyo da fuskarta sosai ta dube ni, ko da yake ban san iyakar abin da take gani ba.

Ta ce, "Adakar na nan ciki. Sa shi can ƙasa. In lokacina ya yi, kai za ka ɗauko shi."